Fitilu a Bakin Rijiya

Gazawa, kakar 1984

Yaya Nomau,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Mu kam sai godiyar Allah. Gero bai ko fid da kai ba, shanun su Jaye makiyayi kullum faɗuwa suke.

Zancen Ba'indiyen nan ne mai haƙa wa ƙauyenmu rijiya, wanda ka yi wa tuƙi, ka ce mu amince da shi. Jiya da magariba ya jera 'yan kasake a bakin ramin, ya zuba man shanu, ya kunna lagwani. Man shanu, yaya, a shekarar da yara ke cin tafasa gaya! Na tambaye shi, ya yi murmushi ya ce “Diwali”. Har yau rijiyar ba ta kai ruwa ba, tsofaffi sun ce sunan aljanin da ya sayar wa ruwanmu ke nan. Ni dai a ganina biri ya yi kama da mutum. Faɗa mini gaskiya.

Ƙaninka,
Ɗantala

Gidan Rumji

Ɗantala,

Na amsa gaisuwa, a gaida Inna. Kai, wane aljani! Sallarsu ce, bara a gabana ya yi ta. Ya ce a tsohon harshen malamansu “dipa” fitila ce, “awali” kuma jeri. Talakawa, da harshensu da ake kira Farakirit, suka sassauta ta, ta koma “diwali”, wato jerin fitilu. Kowa a ƙofar gidansa yake kunnawa, shi kuwa ba shi da gida sai bakin aikinsa. Kewar 'ya'yansa ce kawai. Don girman Allah ku bar shi ya gama, ba ku da wani ruwan. Karanta wa mai gari wannan.

Yayanka,
Nomau

Gazawa

Yaya,

Ina gaisuwa. Na karanta musu. Suka ce yaushe direba ya zama malamin harsunan Indiya, in ba shanye shi aka yi ba? Wallahi ni ma na zarge ka. Mun kori mutumin, ya ɗora injinsa a mota ya tafi. Mai gari ya ce a cike ramin.

Ni na fara ɗiban yashin da Ba'indiyen ya fitar ranar ƙarshe. Da na tura hannu cikin tulin, yaya, sai na ji danshi, mai sanyi. Na ji tsoron faɗa, na zuba shi cikin ramin.

Ka san inda ya nufa?

Ka huta lafiya,
Ɗantala