Shafin da Inna ta naɗe kifi da shi

Madarumfa, Lahadi da dare, watan Mayu 1996

Yau na ɗaga wa Inna murya, kuma har yanzu abin yana cin raina.

Gobe muke da jarrabawar Ingilishi. Sati biyu Mushe, malaminmu, yana rubuta mana kalmomin nan masu tafiya bibbiyu a tablo, wato allon aji, su give up, su put off, muna kwafewa da ma'anarsu, don littafi ɗaya ne tak a ajin, shi ma nasa ne. Da la'asar na buɗe kayen da nake rubutu a ciki, sai na tarar an yage shafin. Ashe Inna ta zaci tsohon kayen bara ne, ta naɗe wa wani mai saye soyayyen kifi da shi.

Na ce, "Haba Inna, ai da kin tambaye ni!" Har da buga ƙafa. Inna ta sauke kasko, ta yafa zane, ta fita.

Sai bayan isha'i ta dawo. Gida huɗu ta shiga tana cigiyar takardar da ita kanta ba ta iya karantawa. A gidan tela ta samo ta, duk ta sha mai, tana ƙarnin kifi. Ta miƙo mini ta ce, "Duba, ɗiyata, ita ce? In ba ita ba ce in koma."

Rabin shafin ne kawai, layi shida. Na ce mata ita ce, ba abin da ya ɓace.

Layin ƙarshe look after ne, wato kula da mutum. Sauran sai yadda Allah ya yi gobe, amma wannan kam ya zauna mini a kai.