Wutar da Kika Tafi Ɗaukowa

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Jummai mai sakwara ta Bosso,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda uwa ta cancanta, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci. Ni ce Ladi, 'yarki. Na san tsofaffin ɗaliban da suka ci abincinki za su karanta wannan a wayoyinsu, wasu su ce Ladi ta zautu. Su je su yi ta faɗa, ba da su nake ba.

Mama, ranar Asabar za mu tashi daga rumfa. Mai fili ya sayar, za a rushe layin gaba ɗaya a gina ɗakunan haya. Dama yawancin ɗalibai sun koma sabon mazaunin jami'a can hanyar Bida, na kuma samu ɗan wuri kusa da ƙofa. Abu ɗaya ne ya hana ni sakat: kada ki iso ki tarar ba kowa.

Ke kika ba ni tarihin garin nan, kina dakan doya kina haki. Kika ce kakanninmu Gbagyi a kan dutsen Paida suke zaune, har jirgin ƙasa ya zo ya sauko da gari, ya kwaso Hausawa da Nufawa da kowa da kowa. Kika ce a da, sau ɗaya a shekara, kowane gida yakan kashe wutarsa ƙurmus, a je a ɗauko sabuwa a rarraba. Minna ta manta da wannan tuntuni. Ashana ta zo, gas ya zo, jami'a ta zo da yara masu kwamfuta. Ku biyu kuka rage, ke da Kaka, tsohuwar nan ta gindin dutse da ke ba ki wutar.

Murhunki na tsakiya bai taɓa ganin ashana ba. Da yamma ki binne garwashi a toka, da safe ki tono ki hura. In sabuwar doya ta fito, ki kwara masa ruwa, ki ɗauki kasko sai gidan Kaka. Da ƙafa kike dawowa, don ba mai keke-napep ɗin da zai ɗauki mace da wuta. Kaskon a kafaɗa, yadda matanmu ke ɗaukar kaya, hayaƙi na bin ki a baya. Ni kuwa in yi ta miki tsiya, wai ga ashana ta cika kanti kina wahalar da gwiwa. Amsarki kullum ɗaya ce: "Wanda ya kashe shi ke kawowa, ba a barin gida a sanyi."

Bana ma haka kika yi. Kika kashe, kika fita da hantsi, kika ce in feraye doya kafin ki dawo. Kusa da tashar jirgi kika yanke jiki kika faɗi, tun ba ki kai gindin dutse ba. Kafin a kai ki asibiti rai ya yi halinsa. Aka kawo mana mayafinki da takalmanki da carbinki. Kaskon ne ba wanda ya gani.

Da aka share makoki na buɗe rumfa da gas. Doya iri ɗaya, agushi iri ɗaya, hannuna kuma ke kika koya masa. Amma ɗalibai sai su ci rabi su ture kwano, su ce Anti Ladi, abinci ya yi, sai dai kamar ya kwana. Na ji haushi, na ce wanda ya raina ya tafi wurin mai shayi ya ci taliyar leda. Da na ɗanɗana a ɓoye sai na ji gaskiyarsu.

Shi ne na sayi sabon kasko na tafi wurin Kaka da kaina. Ta tsufa ƙwarai, ganinta ya yi rauni, amma ta gane muryata. Na ce wuta na zo ɗauka. Ta ce, "Ai uwarki ta karɓa." Na ce yaushe? Ta ce ranar da kika saba zuwa, ana kiran azahar, ba ki zauna ba, ko ruwa ba ki sha ba. Ta ce gida ɗaya ba ya karɓar wuta biyu a shekara, in koma in jira.

Mama, ranar nan ana kiran azahar muna yi miki wanka. Ni na riƙe buta.

Na ce tsufa ne ya ruɗa Kaka, ban gaya wa kowa ba. Sai ga Nna Fati mai kifi, ƙawarki Banufiya, ta ja ni gefe a Kasuwar Gwari. Ta ce ta hango wata mata tana tsallaka layin dogo da rana tsaka, kasko a kafaɗa, tana jan ƙafar hagu kamar yadda kike yi. Bayan wani lokaci Hajiya mai masa ta Limawa ta ce wata mata ta wuce ta gaban tandarta ana tsuga ruwan sama, kowa ya fake, matar kuwa tana tafiya a hankali, hayaƙin kaskon na tashi abinsa. Hajiya ba ta san labarin Nna Fati ba. Ba wadda ta ga fuska a cikinsu, duk ta baya suka gani. Na lura dai kowane gani ya fi na baya kusa da Bosso.

Na je wurin malaminmu na Tudun Wada. Ya ce mamaci ba ya dawowa, in yi istigfari, in yi sadaka. Na yarda da maganarsa, wallahi na yarda. Na daka sakwara na ciyar da ɗalibai kyauta. Amma murhun tsakiya kullum ina share shi, in jera masa busasshen itace, ban kuma bari kowa ya kusance shi da ashana ba. Jiya da rana, ina kwashe kwanuka cikin buhu, ƙamshin garwashin itacen ƙirya ya shigo rumfa, irin na gidan Kaka. A layinmu ba mai amfani da ƙirya. Na fita na duba titi, keke ne kawai ke wucewa.

Tsoro nake ji, Mama, ba zan ɓoye miki ba. Amma tausayinki ya fi tsoron. Gwiwarki ciwo take tun kina raye, ga shi kin ɗau watanni a kan hanyar da kike yi kafin la'asar.

To ki saurara. Zan zauna a rumfa ranar Asabar har katafila ta iso. In kin riga ta, shi ke nan. In kuma kin tarar da kango, kada ki tsaya kina dube-dube. Ki juyo cikin gari, ki miƙe har shataletalen Kpakungu, ki kama hanyar Bida. Ki bi gefe, manyan motoci ba sa kallon kowa. Da nisa, na sani, ki yafe mini. Kafin ƙofar jami'a za ki ga rumfa mai koren kwano. Duwatsun murhunki zan tone su, da su zan tafi, za ki gane su.

In kin iso ba sai kin yi sallama ba. Ki juye garwashin kawai, ni zan hura. Daga nan ki ajiye kaskon ki je ki kwanta, baɗi ni zan kashe, ni zan kawo.

Allah ya jiƙan ki, ya sanyaya makwancinki, ya sauke miki duk nauyin da ya rage a kafaɗarki. Amin.

Taki har kullum,
Ladi, wadda ta feraye doyar tana jira.