Ragar da na kafa a bayan gida

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da matarka da yara. Allah ya ƙara maka lafiya, ya raba ka da wannan ciwon bayan. Mu nan lafiya lau, sai dai gwiwar Baba da ke tashi lokaci-lokaci. Inna kuwa tana nan da faɗanta.

Yaya, na kasa zama wuri ɗaya, shi ya sa na ture keken ɗinki na ɗauki biro. Rijiyar bayan gida ta ƙafe tun watan jiya, itatuwan lemon da Baba ya dasa da hannunsa sun fara zubar da ganye. Kawu ya zo ya ce a sare su a huta. Ran nan da sassafe na fita shanya, hazon nan mai damshi da ke saukowa daga tudu ya rufe ko'ina, sai na ga saƙar gizo-gizo a jikin danga ta cika da ɗigon ruwa reras. Na ce a raina, ni da nake ɗinka gidan sauro kullum, me zai hana ni gwada tare ruwan hazon nan da raga? Na haɗa ragowar raga, na ɗaure tsakanin sanduna biyu ta fuskar da iska ke zuwa, na sa guntun kwanon rufi a ƙasa ya zama indararo.

Kwana uku ragar tana jiƙewa amma ruwan ya ƙi gangarowa, rana na fitowa ya bushe. Baba ya ce ashe auta ta koma kamun kifi a sama. Inna ce ta fitar da ni. Ta tsinko ganyen gwaza, ta ɗiga masa ruwa, ya mirgine kamar ƙwai, ta ce in nemi abin da zai ba zaren wannan santsin. Na goga kakin zuma layi-layi daga sama zuwa ƙasa, na bar tsakani babu. Washegari na tarar da rabin bokiti. Nan take na kai na zuba wa ƙaramar bishiyar cikinsu.

Yanzu raguna huɗu ne, Kawu ya daina maganar gatari, amma hankalina bai kwanta ba. Iska ta yaga ɗaya, ban kuma san ko hazon zai kai mu damina ba. Babbar damuwar ita ce Baba. Jiya bayan sallar asuba na iske shi a saman tsani da gwiwar nan, yana goga kaki. Na ce ya sauko, ya ce wai layina ya karkace, tela ce ni amma ban iya miƙe layi ba. Don Allah ka kira shi ka hana shi hawa, maganarka kaɗai yake ji. Ni dai na ɓoye tsanin a ɗakin Inna, kuma tun ɗazu yake zagaya gida yana nema.

Ka gaishe min da Anti da 'yan biyu da Gwaggo. Inna tana gaishe ku.

Ƙanwarka,
Auta