Ba Fasfo a Bakin Gada

Omdurman, daren Talata

Har yau fasfona yana ofishin baƙi, ina jiran a sabunta mini izinin zama. Da yamma sojoji suka tare bas ɗinmu a bakin gada, suna sauke samari don aikin soja na dole. Na ce wa ɗaya daga cikinsu ni ɗalibi ne daga Nijeriya. Sojan ya yi dariya. "Da wannan Larabcin? Kai ɗan unguwar Hajj Yusuf ne, sauko!"

Wata dattijuwa da ke gefena ta ce, "Ɗana, dubi hularsa. Yaranmu ba sa saka irinta." Ya ƙare mini kallo, ya wuce.

Gobe zan koma ofishin, kuma ban san wa zai zauna kusa da ni ba.