'Ya'yan Gawon Gonar Baba

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, da fatan kuna lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin tuna 'ya'yan gawon da na tsinta a gonar marigayi Baba? Na shuka su cikin gwangwanaye a bayan ɗakina, nan Madalla ta Suleja. Wata biyu ina ba su ruwa, ko ɗaya bai tsiro ba. Maƙwabciyata Maman Joy ta ce gawo bai san ƙasar Suleja ba, in shuka mangwaro kamar kowa.

Sai jiya na tuna Baba ba ya shuka irin gawo sai wanda ya fito cikin kashin awaki, don cikinsu ke tausasa ɓawon. Na yi ta dariya ni kaɗai, babu wanda zan gaya wa.

Don Allah ki tsinto mini a turken awakinki, ki aiko direba da su. Ko ɗaya ne ya tsiro, na sami ɗan garinmu a nan.

Ki gaida Inna, ta sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Sani