Gashin Ɓale

Daga Tenenku

Zuwa ga Allaye, ƙanin maigidana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da tumaki. Mun gode da kifin da ka aiko. Allah Ya jiƙan yayanka, Ya ba mu haƙurin rashinsa.

Ka san tun aurenmu yake mini alkawarin bargon ulu nawa na kaina, kowace shekara kuma sai ya sayar da gashin tumakin ya ce baɗi. Bana ya cika magana, ya kira Kola masaƙi ya kafa masaƙa a tsakar gida. An gama falle biyar ciwon ya kwantar da shi. Saura falle ɗaya, baƙin zare kuma ya ƙare. Fari yana nan jibge, na kaɗa har yatsuna sun yi kanta.

Baƙin duk daga jikin Ɓale yake, ragon yayanka. Ina cikin takaba, ba ni da ikon fita, da na zo fadama da almakashina. Ka aske shi ka ba Sori mai jirgin ruwa gashin ya kawo. Kola ya ce da ruwa ya fara janyewa zai bi jirgi zuwa Yuwaru, wani gida na jiransa.

Ka gaida Penda da yara.

Matar yayanka, Dikkuru

*

Daga fadamar Jafarabe

Matar yaya,

Gaisuwa mai yawa. Tumaki lafiya, sai sauro.

Ke dai ba ki iya aiko gaisuwa ba sai da aiki a bayanta. Ɓale ba zai asku yanzu ba. Za a yi bikin ulu a Mopti, kuma kafin Yaya ya rasu ya sa na yi masa alkawarin kai ragon nan da gashinsa cif. Kowa ya koma kiwon balami don kasuwar layya, suna yi mana dariya wai tumakin Masina ba nama sai gashi. Burin Yaya su ga abin da suka yar. Wata da watanni ina kewaye ƙarangiya da shi, ko ƙaya ɗaya babu a jikinsa.

Ki rina farin mana. Wa zai gane? Ko Kola ya jira a gama biki.

Naki, Allaye

*

Daga Tenenku

Allaye,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake.

Wa zai gane? Ni zan gane. Duk da haka na bi maganarka, na rina curi ɗaya na miƙa wa Kola. Ya ɗaga shi a rana, ya shinshina, ya ce, "Inna Dikkuru, wannan wanki biyu zai koma kalar toka. Falle biyar baƙi, ɗaya toka, a ce Kola ne ya saƙa? Gara ki ɗinka mini likkafani da shi." Na ce to ya jira biki. Ya ce, "Ki faɗa wa kogi ya jira, ni mai sauƙi ne."

Yana nan zaune a gindin masaƙa ba aiki, ina dafa masa shinkafa da nono safe da yamma kamar yadda aka saba, yana shan shayi yana ba kajina labari. Ruwa ya fara sauka, har an ga matakalar bakin kogi. In ya tafi, babu masaƙin da zai taɓa aikin wani. Haka zan naɗe falle biyar in sa a akwati.

Ka ce yayanka ya yi maka wasiyya. Ni ma ya yi mini. Ranar da ya daina cin abinci ya ce a ɗaga labule ya ga masaƙa, ya ce, "Sanyin bana ba zai same ki ba." Ban san wace magana ta fi nauyi ba, tawa ko taka. Na dai san mutanen Mopti za su kalli ragon yini guda su koma gidajensu, ni kuwa ina nan.

Ba zan sake roƙo ba. Ka gaida Penda.

Dikkuru

*

Daga Mopti

Matar yaya,

Gaisuwa. Ina fatan ƙunshin da na ba Sori makon jiya ya same ki. Ban haɗa da takarda ba don ban san abin da zan ce ba.

Gefe ɗaya na aske, na hagu. Na ce kowa ya samu rabinsa, ke da Yaya. A filin biki na jingina shi da katanga, gefen gashi yana kallon jama'a. Wallahi sai da mutane suka taru, wani dattijo daga Jenne ya nutsa hannu cikin gashin har wuyan hannu, ya ce rabonsa da irin wannan tun yana saurayi. Sai alƙalan suka ce in juyo shi. Na ce ba ya son rana. Suka juya shi da kansu.

Ba sai na ba ki labarin dariyar ba. Masu balami har da faɗuwa ƙasa. Yanzu sunana Allaye Rabin Rago daga nan har bakin jirgi. Ba mu ci komai ba. Amma dattijon ya biyo ni, yana so Ɓale ya hau tumakinsa.

Ki faɗa mini ko gashin ya isa aikin.

Allaye

*

Daga Tenenku

Rabin Rago,

Ya isa, da ƙyar. Kola ya tafi shekaranjiya. Na shimfiɗa bargon a rana na duba, ban gane inda na yayanka ya ƙare naka ya fara ba. Na yi kuka, daga baya na yi dariya, karo na farko tun rasuwarsa.

Don Allah ka aske ɗaya gefen kafin ku shigo gari.

Dikkuru