Ƙafar Farin Sa

Laraba da dare, Laranto

Shanuna sun iso Jos a jirgin ƙasa, farin san da ke cikinsu da karyayyar ƙafa. Ogan tasha ko kallonsa bai yi ba, ya ce, "Alhaji, da ɗingishinsa ka loda shi, ba ruwanmu."

Bai san halina ba. Ba na loda dabba sai na zagaya da ita gaban akawu, ya rubuta lafiyarta ƙalau, ya buga hatimi. Koyarwar Baba ce. Abokan sana'a har dariya suke min, wai ɓata lokaci.

Na miƙa wa ogan takardar akawun. Ya karanta sau biyu, ya jawo min kujera. Masu jirgin za su biya kuɗin san.

San kam ya ba ni tausayi, dole aka yanka. Amma gobe zan shiga kasuwa in ga mai dariya.